Kafin a Ɓamɓare

Idan takarda biyu suka manne da juna, ido ba ya iya faɗin abin da ya haɗa su. Wataƙila ƙaron da ke cikin tawada ne ya sha laima ya narke, ya sake bushewa da shafi biyu a bakinsa. Wataƙila kokon sitaci ne wani malami ya shafa shekara sittin da suka wuce don ya tare wata yaga. Wataƙila kuma gam ne na kanti, wanda kwalbarsa ta daɗe da shiga bola, babu wanda ya rubuta sunansa a ko'ina. A ido duk ɗaya ne: wani tabo mai ruwan ƙasa da gefen takarda da ya ƙi ɗaguwa. Amma ruwan da zai sassauta ƙaro shi ne zai wanke rubutun da ake son ceto, kuma sinadarin da zai narkar da gam na kanti ba zai ko motsa kokon sitaci ba. Don haka raba abin da ba a san mahaɗinsa ba aiki ne da ke farawa da neman suna, tun hannu bai taɓa komai ba.

Garin Jos yana da dalilin sanin wannan aiki. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya assasa aka buɗe a 1952, yana riƙe da amana iri biyu masu saurin rauni. Akwai littattafan rubutun hannu da aka tattaro daga garuruwan Arewa, waɗanda Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka wallafa jerin sunayensu a Landan a 1965. Akwai kuma mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok, waɗanda haƙar kuza ta fara tonowa a 1928, kusan dukkansu a farfashe. A nan ne kuma aka kafa makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashen Afirka da taimakon UNESCO a farkon shekarun 1960. Yanayin garin ma yana da hannu a maganar. Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, yawancinsa tsakanin Afrilu da Oktoba, sannan hunturu ya zo ya tsotse laimar ƙaf. Littafin da aka rubuta a busasshiyar iskar Sakkwato ko Katsina, in ya zo irin wannan wuri, yakan kumbura da damina ya tsuke da rani, kuma duk wani abu mai kama hannu da ke jikinsa yakan farka ya sake kwanciya kowace shekara.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba. Akwai manna, wato a ɗora abu a jikin abu ya kama, kamar hoto a takarda ko sanarwa a bango. Akwai liƙa, wadda ke maƙwabtaka da ita, sai dai in ta zama liƙe takan koma toshe kafa: a liƙe tulu mai yoyo, a liƙe bakin ambulan, a liƙe ramin ɓera. Akwai maƙale da ɗafe, inda babu wani abu na uku a tsakani, kamar kaska a kunnen kare ko ƙadangare a jikin katanga. Wannan bambanci na ƙarshe yana da amfani ga mai gyara fiye da yadda ake zato, domin takardu da yawa da ake cewa sun manne, maƙalewa kawai suka yi. Nauyin shekaru ya danne su, ƙura da kashin ƙwari sun riƙe gefunansu, kuma siririyar wuƙar ƙashi marar kaifi ta isa ta raba su ba tare da ɗigon komai ba.

Sunayen abubuwan da ke manna sun fi aikatau ɗin bayani. Ƙaro ruwa ne da ke tsattsafowa daga jikin dakwara da danginta masu ƙaya, ya daskare ya zama dunƙule mai sheƙi. Borno da Yobe da Jigawa ne gidansa a Nijeriya, Sudan kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Halinsa ɗaya ne tak ba ya sakewa: yana narkewa a ruwa, ko da ya shekara ɗari biyu a bushe. Danƙo kuwa ruwa ba ya cinsa. Shi ne farin ruwan da ke fita daga gamji ko kaɗanya, wanda yara ke ɗana wa tsuntsu, shi ne kuma robar da suke harbi da ita. Zafi ke sassauta shi, mai ke narkar da shi. Yauƙi na kuɓewa da karkashi yana santsi yana ja, amma riƙonsa ba ƙarfi. Kakin zuma wuta yake tsoro. Kokon garin alkama ko na rogo ruwan ɗumi yake jira. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin sunayen nan ya ji inda abin ya fito, ya kuma ji maganinsa a lokaci guda. Kuma ba banza ba Bahaushe ya ce a ƙara danƙon zumunci, bai ce ƙaron zumunci ba: ya zaɓi abin da ke miƙewa ba ya tsinkewa, wanda ruwan sama ba ya wankewa. Halin da ake yabo a zumunta shi ne halin da mai gyaran littafi ya fi gudu a jikin takarda.

Sai gam ta shigo. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ta sha tafiya kafin ta iso. Ingilishi ya same ta ta hannun Faransanci da Latin daga Girkanci, Girkawa kuma sun ɗauko ta daga tsohon harshen Masar, inda take nufin ƙaron nan dai na itace. Ta bar Afirka tana nufin abu guda, ta dawo tana nufin komai da komai. A Hausa ta tarar da wata gam a zaune, ta cikin “ya rufe ƙofa gam” da “ya riƙe shi gam”, sai kunne ya aurar da su, har aka ɗauka cewa gam na kirki shi ne wanda ba ya saki har abada. A kasuwannin Jos, daga Taminus zuwa Farin Gada, abin da mai gyaran takalmi ke shafawa gam ne, farin da kafinta ke haɗa katako da shi gam ne, na mai faci gam ne, Super Glue gam ne, Araldite mai mazubi biyu gam ne. Alhali waɗannan ba dangin juna ba ne ko kusa. Na takalmi roba ce da aka narkar a sinadari mai kama wuta. Farin na kafinta a gauraye yake da ruwa yana cikin kwalba, amma da zarar ya bushe ruwa ba ya mayar da shi, sai dai ya kumbura shi. Super Glue, wanda Harry Coover ya ci karo da sinadarinsa a Amurka a 1942, aka fara sayar da shi a 1958, laimar da ke cikin iska ce ke daskarar da shi. Araldite kuwa rikiɗa yake yi in an gauraya rabinsa biyu, ya zama wani abu sabo da babu ruwan da ke mayar da shi yadda yake. Wanda ya kawo tsohon kundi ya ce “kakanmu ne ya manne shi da gam” ya faɗi gaskiya, amma bai ba mai gyara abin kamawa ba. Asarar da kalma ɗaya ta jawo da ta haɗiye guda biyar ke nan.

A ɓangaren rabawa ne harshen ya fi zurfi, kuma nan ya kamata a daɗe. Raba ita ce uwa, ba ta faɗin yadda aka yi. Ɓamɓare ita ce cire abin da ya kama jikin wani daga gefe, kaɗan-kaɗan, kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Ɗaye jan abu ne mai tsawo a tafi guda, kamar ɓawon rama daga karansa. Kankare da ƙarfe ake yi, kuma an riga an sallama na sama, na ƙasan ma ba ya rasa ƙarzuwa. Ɓantare na nufin wani yanki ya tafi da abin da bai kamata ya tafi ba. Yage da kece sun shaida cewa zaren takarda ya katse. Feɗe ta mahauci ce, wuƙa na bin tsakanin fata da nama. Warware da kwance na ƙulli ne da igiya, inda babu abin da ya lalace domin tun farko babu abin da ya narke cikin wani. Saɓa kuwa ta maciji ce, tana zuwa da lokacinta, ba a tilasta ta.

Abin lura shi ne kusan kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukuncin wanda zai yi asara. In an ɓare gyaɗa, ɓawo ne ke zuwa bola. In an ɓamɓare ƙanzo, tukunya ake son ta tsira, ko ƙanzon ya fito a gutsuttsure babu wanda ya damu. In an feɗe rago, an yarda wani ɗan kitse ya bi fata. Harshen ya gina kalmominsa a kan ayyukan da ke da ƙwaya da ɓawo. Mai gyaran littafi kuwa yana gaban abin da duk gefensa biyu ƙwaya ne: shafi na arba'in da na arba'in da ɗaya, kowanne da rubutunsa, babu wanda za a sallama. In ya yi gaggawa ya ja, takarda takan ɗaye a cikin kaurinta, fatarta ta sama ta bi maƙwabciyarta, a wayi gari layi uku na Risala ko na Ishiriniya suna manne a bayan wani shafi a juye. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa a ainihin ma'anarsa.

Kalma ɗaya ce ta dace da abin da ake nema, kuma ba ta cikin jerin da ya gabata. Ita ce saki. “Gam ya saki.” A wannan jimla mutum ba ya ciki sam, gam ne mai aikin. Duk fasahar wannan sana'a tana cikin wannan sauyin mai aikatawa: a shirya wa mahaɗin yanayin da zai saki da kansa, hannu kuma ya bi bayansa yana ɗaga abin da ya riga ya rabu. Nahawun Hausa ma ya tanadi siga ta musamman don tambayar da ake farawa da ita. A tsarin aikatau mai rukuni bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, rukuni na bakwai shi ne mai ƙarewa da wasalin u: mannu, liƙu, rabu, ɓamɓaru. In aka ce “ba ya ɓamɓaruwa”, ba a zargi ƙarfin mai ɓamɓara ba, halin abin aka faɗa. “Zai rabu?” tambaya ce da ake yi wa abin da ke kan tebur, kuma akan yi kwanaki ana jiran amsarta.

Aikin yana farawa da kallo. Ana ɗaukar hoton abin gaba da baya yadda ya zo, domin in wani harafi ya salwanta a hanya, hoton ne zai zama shaida. Ana duba tabon da tabarau mai ƙara girma, da fitila a karkace don tudu da kwari su fito. Launi da ƙamshi da tauri duk suna magana: ƙaro yana sheƙi yana tsattsagewa, sitaci ba ya sheƙi kuma ƙwari suna bin sa su ci, gam ɗin da aka dafa daga fata da ƙashi yana da ruwan zuma, kuma a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske irin ta duba jabun kuɗi yakan yi wani fari-fari. In an sami ɗan ɓurɓushin da ya zubo daga gefe, akan ɗora shi a gilashi a ɗiga masa aidin. In ya koma shuɗi mai duhu, sitaci ne. A kan gilashi ake wannan, ba a kan shafi ba, don aidin yana barin tabo. Manyan ɗakunan bincike suna da na'urar da ke haska ɓurɓushin da hasken da ido ba ya gani, ta fitar da zane wanda kowane sinadari yake da irin nasa. Inda babu ita, ana bin gwaji daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, a lungun da babu rubutu: busasshiyar wuƙa tukuna, sai laima, sai ɗumi, sai sifirit, sai asiton. Ba a tsallake mataki, domin mai ƙarfi yakan tura narkakken gam cikin zaren takarda inda ba ya sake fitowa.

Kafin ruwa ya kusanci shafi, tawada ake gwadawa, kuma a nan littafin ƙasar Hausa yake da tasa matsala. Tawadar da aka yi da gawayi ko baƙin tukunya ba ta shiga cikin takarda. A bisa take zaune, ƙaro ne kaɗai ke riƙe da ita. Kowane almajiri ya san haka, tunda kullum yana wanke allo rubutu ya bi ruwa. Tawadar bagaruwa da ƙarfe ta fi kama takarda, amma laima tana ta da tsatsar da ke cikinta har ta ci shafin ta huda shi. Jan wasali da ruwan ɗorawar hamza da koren da ake gani a Alƙur'anai rubutun hannu su ma da ƙaro aka kwaɓa su. Ke nan abin da ya manne shafi biyu da abin da ya riƙe haruffa sau da yawa abu ɗaya ne, kuma babu ruwan da zai bambanta su. Akan taɓa wutsiyar wani harafi da tsinken auduga mai ɗan danshi, a danna farar takarda a duba ko ta ɗauki launi. In ta ɗauka, an rufe maganar jiƙawa. Sai a koma ga turare: a sa littafin a rufaffen akwati tare da ruwa a wani mazubi dabam, ko a shimfiɗa masa ƙyallen Gore-Tex mai barin tururi ya wuce ya hana ɗigo, har ƙaron ya yi laushi bai kai ga gudu ba. Tsakanin laushi da gudu ɗan lokaci ne ƙanƙane, kuma a cikinsa ake zura wuƙar ƙashi, ana tafiya da ita a kwance, tsawon ƙwayar shinkafa a kowane motsi. Ita kanta takardar tana da bakin magana. Wadda aka yi da tsumma a arewacin Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus da Alƙahira a ƙarni na 19, tana da jimiri. Ta baya-bayan nan da aka yi da niƙaƙƙen itace takan yi ja ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye.

Sitaci yana da nasa magani, kuma matan da ke dama kunu sun riga masana saninsa. Kunun zaƙi yana tsinkewa in an zuba masa tsiron hatsi ko niƙaƙƙen dankali, koko ma yana tsinkewa in yawu ya taɓa shi. Sinadari ɗaya ne a cikin tsiro da yawu ke yayyanka sitaci ya mayar da shi ruwa. Masu gyaran littafi suna sayen tacaccensa, su gauraya shi da wani abu mai kauri, su ɗora a kan tsohon manni ya yi aikinsa a hankali. Ga gam ɗin fata akwai wani ɗan'uwansa mai cin nama. Kalmar tsinke, wadda ake faɗa wa igiya da kunu duka, ta kama gaskiyar abin daidai, domin sitaci dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, kuma katse su ake yi.

Salatef ya fi kowa ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake liƙa shi. Richard Drew ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1930, aka fara yin irinsa a Ingila a 1937. Tsohon samfurinsa mai danƙon roba yana da matakai uku na rayuwa. Yana sabo, garau yake, ɗan ɗumi ya isa ya ɗaga shi. In ya manyanta sai ya yi rawaya ya narke ya nutse cikin takarda, ta koma kamar wadda aka ƙunshe ƙosai a ciki. In ya tsufa sai ya bushe, ledar ta faɗi da kanta, ya bar tabon da kusan ba ya fita. Manyan masana ma sun faɗa wannan rami. Tsofaffin rubuce-rubucen fata da aka fara ganowa a kogunan dutse na Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, da salatef aka riƙa haɗa gutsattsarinsu a Birnin Ƙudus a shekarun 1950, kuma tun 1991 aka buɗe ɗaki na musamman inda ƙwararru suka shafe shekaru suna cire shi gutsure bayan gutsure.

Lafiyar mai aikin tana cikin lissafi. Asiton da sifirit suna kama wuta daga nesa, tururinsu yana bin ƙasa ya tarar da risho ko fitilar ƙwai, don haka a buɗaɗɗen wuri mai iska ake taɓa su, kaɗan a ƙaramin mazubi mai murfi. Fetur da kananzir, waɗanda hannu ya fi saurin kaiwa gare su a gida, ba su da wuri a nan: suna barin maiƙo a takarda, suna cutar da huhu. Littafin da ya yi fumfuna ana buɗe shi da takunkumi da safar hannu. Super Glue yana yin zafi sosai in ya haɗu da auduga, har ya ƙona fata, kuma in aka gasa shi yana fitar da hayaƙi mai yaji a ido. In ya manne yatsu, ruwan ɗumi da sabulu ake sa su a ciki a riƙa murzawa a hankali har ya saki.

Yumɓun Nok yana kawo tambayar ta wata fuska. Ƙasarsa mai tsakuwa ce, ta shekara fiye da dubu biyu a binne, kuma santsin da aka shafe fuskarta da shi ya zaizaye a yawancinsu. Gam ɗin zamani ya fi irin wannan tsingaro ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka in aka ja, ba a kan manni yake karyewa ba, a gefensa yake ɓantarewa, ya bar sabon rauni kusa da tsoho. Masu gyaran tukwane na farkon ƙarni na 20 sun yi amfani da gam ɗin fata, da wani ƙaro na ƙwari da ake kawowa daga Indiya wanda ke yin ruwan lemo a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, sifirit kuma ke narkar da shi. In an gano mahaɗin, akan kwantar da abin a kan yashi ko matashi don kada gutsure ya faɗi, a rufe shi a akwati da ƙaramin kofin sinadarin, tururi ya yi kwana ɗaya ko biyu yana shiga. Rabawa a nan takan tona asiri. Tun da haramtaccen tono ya yawaita a yankin Nok, 'yan kasuwar bayan fage sun koyi haɗa gutsattsarin mutum-mutumi daban-daban, kan wannan da kafaɗar wancan, su cike tsakani da niƙaƙƙen tsingaro da gam. Gwajin da ke auna lokacin da yumɓu ya shiga wuta yakan ce tsoho ne, kuma bai yi ƙarya ba, tunda kowane gutsure tsoho ne; siffar ce sabuwa. Na'urar hoton ciki irin ta asibiti ce ke nuna layukan haɗin. Wannan ne ya sa abin da masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka haƙo tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya tun daga 2005 yake da daraja ta daban: an san ramin da kowane gutsure ya fito, an kuma rubuta abin da aka haɗa shi da shi.

Akwai manni da amsarsa ita ce ba ya rabuwa. Daga shekarun 1930 gidajen adana takardu da yawa a duniya sun bi hanyar William Barrow na Amurka, suna gasa takarda tsakanin siraran ledoji biyu don ta daɗe. Da shekaru suka ja, wasu ledojin suka fara ruɓewa suna warin tsami. Waccan leda aƙalla asiton yana narkar da ita, in tawada za ta jure. Wadda shagunan buga takardu ke rufe takardun shaida da ita a yau ta fi ta taurin kai, domin narkakkiyar roba ce ke shiga cikin zaren takardar ta daskare, kuma mai ƙoƙarin ɗaye ta yakan tashi da rabin takarda a kowane hannu. Takardar gado ko ta makaranta aljihun leda marar gam ya fi dacewa da ita, wanda za a zura a zaro.

Wani lokacin kuma barin abin a manne shi ne daidai. Naɗaɗɗun littattafan da dutsen Besubiyas ya mayar gawayi a garin Hakulaniyam na Italiya a shekara ta 79, da aka tono su a 1752, an lalata da yawa garin buɗewa, wasu da wuƙa, wasu da sinadarai, wasu da injin da Antonio Piaggio ya ƙera mai jan su da zare. Waɗanda aka ƙyale su ne suka ci riba. A 2023 an karanta kalma ta farko daga cikin wanda ba a taɓa warwarewa ba, ta hanyar hoton ciki da kwamfuta, kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya. Kwalin bangon tsofaffin littattafai a ƙasashen Musulmi da dama ma da tarkacen rubutattun takardu aka yi shi, an manna su bisa juna, kuma kowane mai gyara yana auna ko abin da ke ciki ya kai a rushe bangon saboda shi.

In an raba, dole a sake haɗa abin da ya yage, kuma a nan Hausa tana da kalmar da ta fi gam dacewa da manufa. Liƙi a wurin biki kuɗi ne da ake ɗora wa mutum a goshi, gumi ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya sauka bai bar tabo ba. Gyartai ma da ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya yana barin ɗinkinsa a fili, duk mai so ya gani, ya kuma farke in ya ga dama. Irin wannan riƙo masu gyara ke nema. Takarda da tataccen kokon sitacin alkama da siririyar takardar Japan ake tare ta, domin laima kaɗan ta isa ta sake su ko bayan shekara ɗari. Yumɓu da Paraloid B-72 ake haɗa shi, wanda ba ya rawaya kuma asiton ke narkarwa duk ranar da aka bukata. Sannan a rubuta sunan abin da aka shafa, da yawansa, da ranar, a ajiye tare da lambar kayan.

Littafin ƙasar Hausa dai tun asali ba a ɗinke shi ba a manne shi. Warƙoƙi ne a sake, a jere bisa juna cikin tadarishi, a naɗe da igiyar fata, a zura a gafaka, yadda malami zai iya raba wa ɗalibai biyar darasi daga littafi guda. Abin da ke riƙe da jerinsu kalma ce: marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, abin da Larabawa ke kira ta'aƙiba. Da ita mai gyara ke bi in shafukan sun saki sun bushe a ƙarƙashin nauyi, yana neman warƙar da ta fara da kalmar da ta gabata ta ajiye, har jerin ya cika. Daga nan sai ya sa farar takarda marar tsami tsakanin waɗanda tawadarsu ta taɓa narkewa, ya mayar da su cikin tadarishinsu, ya ɗora akwatin a kan kanta nesa da bango da ƙasa kafin ruwan Afrilu ya sauka.